Gidan Wa Ne Wannan?

Da Hausa nake rubuta muku wannan, domin ita kaɗai ce ku huɗun kuke ji baki ɗaya. Rifkatu da Ɗanladi sun fi sakewa da Faransanci, Yohanna Turanci ya riƙe, auta kuwa tana tsintar kowanne. C'lela, harshen da aka haife ni a cikinsa, babu wanda zai iya kai gaisuwa ƙarshe da shi a cikinku, kuma ba laifinku ba ne. Abin da ya tayar da ni shi ne maganar da na ji a Kirsimetin da ya wuce, lokacin da kuka zazzage gwangwanin biskit ɗin da nake ajiye zane-zanena kuna ɗaukar hotonsu da waya. Ɗanladi ya ɗaga ɗaya ya ce wa matarsa wai saboda waɗannan 'yan takardu kakarku ta tsare ku shekara guda a ƙauye, don a ganinta hoton gida babu mutane mugun abu ne, camfin mutanen dutse. Kuka yi dariya, ni ma na taya ku don kada in ɓata taro. Amma ba haka aka yi ba. Tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka zauna a kan tabarmar da aka yi maganar a kanta, gara in faɗa tun ina iya riƙe biro.

Zanen fentin ruwa a Lebanon na koye shi. Ina sojan injiniya a lokacin, aikina zana taswira, aka tura bataliyarmu aikin kiyaye zaman lafiya. A garin Sur, bakin teku, akwai wani tsoho mai sayar da takarda da tawada, ana ce masa Abu Ilyas. Na shiga sayen fensir na tarar da shi ya duƙufa a kan wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, kuma a cikinta ga titin da na biyo yanzun nan, da ƙofofinsa, da barandar da aka shanya barguna, har da inuwar da hasumiyar coci ta jefa a bango. Na tsaya kallo har na manta da fensirin. Kafin mu bar ƙasar ya sayar mini da gwangwanin fenti mai gida goma sha biyu, girman kwalin taba, da burushi biyu masu baki kamar allura, ya kuma koya mini abin da ya sani, shi da Larabcinsa, ni da gurgun nawa. A fara da launi mai haske, a bi da mai duhu. Inda rana ta bugi bango kada a taɓa, a bar farin takarda ya yi aikin. In an shafa sau ɗaya a ɗaga hannu a jira ya bushe, domin fentin ruwa ba ya karɓar gyara, mai gaggawa laka zai samu. Na ƙarshe, kuma shi ya jawo duk wannan labari, shi ne a bar mutane. Ya ce mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya, gini kuwa zai jira ka har ka gama.

Na riƙe wannan shekara da shekaru. Ƙanƙantar takardar ta yi mini daidai, tana shiga aljihun gaban riga, babu mai cewa soja ya koma ɗan wasa. Kowane gari da irin launin da yake nema. Dutsen Sur rawaya ne, yana son a ɗan taɓa shi da ja. Alƙahira sai an dama ruwan toka da ruwan ƙasa, kuma tagoginta na katako masu huda-huda sun kusa kashe mini ido. Yamai jar ƙasa ce irin tamu, ba ta ba ni wahala ba. Abijan kuwa, inda na sami aikin zanen taswira a wani kamfanin gina hanyoyi bayan na ajiye kaki, laimarta ba ta barin takarda ta bushe. Sai in shafa sararin sama, in je in sha shayi, in dawo, kafin in iya taɓa rufin gida.

Duk wasiƙar da na aiko gida sai na saka zane ɗaya a ciki. Ta shagon Oga Livinus suke biyowa, wani Ibo mai sayar da kwanon rufi da ƙusa da gilashi a bakin kasuwar Zuru, wanda ya zo garin tun yana saurayi. Shi yake ɗora su a babur ya kai gidanmu na gindin dutse a hanyar Ribah, inda mahaifiyarku Saratu take zaune da ku a wurin Inna. Innata maginiyar tukwane ce, kamar uwarta. Tana gina tulu da randa da tukunyar tuwo, kuma tana cikin 'yan matan da ake zuwa wurinsu in babban mutum ya rasu, su gina tukunyar da za a kafa a kan kabarinsa. Ba ta taɓa gina abu ta ajiye tana jiran mai saye ba. In mace ta zo neman tulu, sai ta sa ta miƙe tsaye, ta dubi tsayinta da wuyanta, ta tambayi nisan rafinsu, sannan ta ce ta dawo bayan kasuwa biyu.

Shekarata uku a Abijan kamfani ya ce duk mai iyali zai iya kawo su. Na zo hutu da wannan niyya. Rabona da zama cikakke a gida ya kai shekara tara, kuma ranar da na iso, Yohanna ya ruga ya ɓuya bayan rumbu yana cewa baƙon nan ya sake zuwa. Wannan ya zauna mini a ƙirji. Ku da kuka tashi a birni za ku ce me ya kawo uwar miji cikin maganar. A wurinmu da noma ake aure, saurayi yana yi wa surukai golmo damina bayan damina. Ni damina uku na yi na gudu soja. Inna ce ta tsaya, ta tattara 'yan'uwana suka cika sauran, ita da kanta take kai musu abinci gona. Shi ya sa Saratu takan ce ni na gan ta, amma Inna ce ta aure ta. Da na kawo mata zancen tafiya, abin da ta ce ke nan:

"In Inna ta sallame ni, ko gobe ne."

Na zaɓi ranar da aka gama sussukar dawa, hankalin kowa a kwance. Na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, na jera zanen Abijan arba'in da wani abu, layi-layi kamar sojoji a fareti: gadar da ta ratsa ruwa, benaye masu gilashi, babban coci, tsofaffin gidajen Faransawa masu baranda. Na roƙi Oga Livinus ya zo ya mara mini baya, don shi ma mutumin birni ne, har ya yanka wa guda uku gilashi ya rataye a shagonsa. Inna ta wanke yumɓun hannunta ta zo ta zauna. Ta ɗauki na farko da yatsu biyu, ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa, ta daɗe tana kallo. Abin da ta fara faɗa ya yi mini daɗi.

"Ka jira wannan ya bushe kafin ka sa wannan," in ji ta, tana nuna sama da rufi. "Hannunka ya yi sanyi, Bawa. Da kana yaro ko kunu ba ka iya jira ya huce."

Sai ta ce, "Gidan wa ne?"

"Bene ne, Inna, hawa goma sha biyu."

"Na ga tsawonsa. Na wa ne?"

"Ban sani ba."

Ta ajiye ta ɗauki wani. Gidan wa ne wannan? Ban sani ba. Wannan fa? Na wani Bature ne a da. Yanzu fa? Ban sani ba. Ta tambayi inda rumbunansu suke, Saratu ta toshe baki da gyale tana dariya, na ce kullum a kasuwa suke sayen abin da za su ci. Ta ce Allah sarki, ta bar wannan, ba ta ja ba. Haka muka yi ta yi har ta iso kan wani da na ajiye a ƙarshen layi, wani ɗan lungu mai ƙofofi goma sha biyu a unguwar Tireshbil. Na ce wannan layinmu ne, ga ɗakina mai taga biyu. Fuskarta ta washe.

"To, madalla, mun zo gida. Wannan ƙofar mai shuɗi da ke kallon taka, ta wa ce?"

"Wata mata ce, ina jin."

"Kana ji. Sunanta?"

Oga Livinus ya ga an tura ni bango, ya gyara zama ya shigo da Hausarsa.

"Mama, kai ba ka gane ba. Birni ba haka ba ne. Kowa yana nasa, ba ruwan wani da wani."

Inna ta juya wurinsa da Hausarta ta kasuwa. "Libinus, kai ɗan garin nan ne?"

"A'a, Mama, ni baƙo ne."

"Daga shagonka zuwa coci, wane gida ne ba ka san mai shi ba?"

Ya ɗaga ido sama yana bin titin a zuciyarsa, yana motsa yatsu. Can sai ya fashe da dariya. "Mama, har akuyansu na sani."

"To, rufe mini baki."

"Oga Bawa, ni na fita," in ji shi. "Ka kawo ni in taimake ka, ga shi ni aka fara kashewa."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Inna ta koma C'lela, ta sassauta murya. Ta ce ni da bakina na faɗa mata nakan yi wata guda a daji wurin aikin hanya. In zazzaɓi ya kama Yohanna ina can, wace ƙofa Saratu za ta buga? In nuna mata ƙofar a takardar nan, ta sallame su yau ɗin nan. Raina ya ɓaci, na ce ni ba yaro ba ne, na zaga ƙasashe, ina jin harshe biyar.

"Harshe biyar," in ji ta, "ba ka sami ɗaya da za ka gai da matar da ke kallon ƙofarka ba."

Na tattara takarduna. Na rage hutuna da kwana biyu, kuma a tsaye na yi mata sallama, ban durƙusa ba. Wannan har yau yana damuna. A tashar mota Saratu, da Yohanna goye a bayanta, ta cusa mini zanen layin nan, wanda na bari a tabarma, a aljihu.

"Baban Rifkatu, ba ta ce a'a ba fa. Ƙofa ta ce ka nuna mata."

Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsakanin Legas da Akara, a cikin mota, na fitar da biro na ƙirƙiro sunaye goma sha ɗaya, kowanne da sana'arsa. Na ce in shekara ta zagayo sai in karanto mata. Kafin mu kai iyakar ƙarshe na yayyaga takardar, kuma ba tsoron Allah ne ya sa ba. Na san Inna. Za ta tambayi 'yar wa yake aure, ta bari sai bayan kwana biyu ta sake tambaya ta wata hanya.

Ran Lahadin farko da komawata Abijan, bayan an taso daga coci, na ɗauki gwangwanin fentina da zanen, don in sami abin buɗe hira, na tsallaka na buga shuɗiyar ƙofar. Wata gajeriyar mata mai faɗi ta buɗe, hannunta duk garin rogo. Tana ganin gwangwanin ta ɗora hannu biyu a ka ta ƙwalla ihu da yarensu. Kafin in ce wani abu layi ya cika, maza sun tsaya cirko-cirko, mata suna leƙe ta taga. Ina ta ba da haƙuri da Faransanci, babu mai saurare. Sai wani siririn mutum mai awon tela rataye a wuya ya ratso taron, ya tsaya gabana, ya yi mini magana da Hausa tsantsa, irin ta mutanen Arewa ta Nijar.

"Malam, yaushe ne? Ka faɗa muna gaskiya, mu san inda za mu kai ɗiyanmu."

"Yaushe me?"

"Rusau ɗin mana."

Sunansa Malam Idi, tela ne, mutumin Dogon Dutsi, bango ɗaya ya raba ɗakinsa da nawa. Na tambaye shi yadda ya san ina jin Hausa.

"Shekara uku ina jin ka kana waƙar coci in kana wanka. Murya dai sai haƙuri."

Shi ya warware mini. Kowace safiya motar kamfani mai suna a jiki take zuwa ɗaukata. A shekarata ta farko an gan ni zaune bayan kasuwa ina zana wani jerin gidaje, bayan 'yan watanni hanya ta bi ta kansu aka rushe su. Wannan gaskiya ne, kamfaninmu ne ya yi aikin, kuma ni na zana taswirar a ofis, ko da yake babu abin da ya haɗa ta da ɗan zanena. Tun daga ranar aka sa mini suna Mushe Katafila, wato Malam Katafila, don Mushe shi ne Malam a Faransanci. Duk Lahadin da na fito da 'yar kujerata da gwangwanina, sai labari ya zaga, mata su naɗe tabarmi, a janye yara, a rufe tagogi, kada in ƙirga kawuna. Ni kuwa na rubuta wa mahaifiyarku wasiƙa fiye da ɗaya ina yabon unguwar, ina cewa ban taɓa ganin wuri mai natsuwa ran Lahadi irinta ba, ko Sur ba ta kai ta ba.

Matar, Madam Akisi, mai sayar da wani dambun rogo da suke kira aceke, ta kama wuyan hannuna ta ja ni cikin ɗakinta. Ƙasa duk robobi da kwanoni an jera. Na ɗaga kai na ga rana ta ramukan kwano. Damina uku ba ta gyara rufin ba, domin sau huɗu ta gan ni ina zana ƙofarta, fiye da ta kowa, ta tabbata ita ce ta farko. Wa zai sa sabon kwano a gidan da za a ture? Ta ce in faɗa mata abin da ta yi mini. Na ce wa Malam Idi ya gaya mata shuɗin ƙofar ne ya ba ni sha'awa, yadda iskar teku ta cinye shi ya koma kala uku. Ya fassara. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta faɗi wata magana, taron duka ya kwashe da dariya.

"Ta ce in shuɗi kake so da ka yi magana," in ji Malam Idi. "Akwai sauran fentin a ƙarƙashin gado."

Ni ban iya dariya ba. Na yi yaƙi, na ga abubuwa, amma ban taɓa jin kunya irin ta tsayuwar nan a tsakiyar robobin matar nan ba. Lahadi huɗu da suka biyo a kan rufinta na yi su, ni da Malam Idi, shi yana miƙo ƙusa yana ba da umarnin da ba a tambaye shi ba. In mun sauko ta zubo mana aceke da soyayyen kifi da barkonon da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Daga nan sauran ƙofofin suka buɗe da kansu. Akwai direban tasi mai mata 'yar Gana, akwai wasu 'yan'uwa biyu 'yan Mali masu wankin kaya, akwai malamar asibiti da ke fita tun asuba. A bakin famfon layin na koyi Julanci, harshe na shida, ina da shekara arba'in, mata suna gyara mini suna tafawa.

Sai na zauna in sake zana layin, wannan karon da mutanensa. Abu Ilyas bai yi ƙarya ba, mutum ba ya tsayawa. Kuma ni ban iya ba. A takarda mai girman tafin hannu kowane mutum bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma nawa duk suka fito kamar taɓare an jingina a bango. Na aro gilashin ƙara girma daga ofis, aka yi layi ana leƙawa. Madam Akisi ta daɗe a kai, ta ɗago.

"Ina sauran jikina?"

Malam Idi ya ce shi ba zai yarda a kai shi Nijeriya babu kekensa na ɗinki ba, kada a ɗauka zaman banza yake yi. Direba ya ce motarsa ba ta tsufa haka ba. Sau bakwai na sake, kuma ga damina, kowane shafi sai ya kwana kafin ya bushe. Na bakwai ɗin ma ba shi da kyau. Cikin duk abin da ke gwangwanin biskit ɗin nan shi ya fi muni, launukan sun shiga juna wajen famfo.

Da kaka ta zagayo na dawo da shi, shi kaɗai, da gilashin. Na durƙusa na gai da Inna yadda ya kamata, ta amsa kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Kwana biyu tana yi mini tambayoyi, tana aikinta, takardar tana kan faifai a gefenta. Na ba ta labarin Mushe Katafila, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Saratu tana bubbuga mata baya. Da na zo kan robobin sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Damina uku." Washegari tana murza bakin wata randa ta jefo tambaya ba tare da ta dube ni ba.

"Telan nan da ka ce matarsa 'yar Gana ce."

"A'a, Inna, ta direban ce 'yar Gana. Ta tela tana Dogon Dutsi, sai bayan sallarsu za ta zo."

"Haka ne," in ji ta, kamar ita ce ta manta.

Can ta sa gilashin a ƙarshen layin, inda akwai wata koriyar ƙofa a rufe, babu kowa a gabanta.

"Wannan fa?"

"Sunansa Mushe Kofi. Ya yi aiki a tashar jirgin ruwa, ya yi ritaya. Ba ya amsa gaisuwa, Inna. Sau uku na je, sau uku ya rufe mini ƙofa. Shekara shida ba sa magana da Madam Akisi a kan magudanar ruwa."

Ta ajiye gilashin. "Yanzu na yarda gari ne. Da ka ce mini duka goma sha ɗayan mutanen kirki ne, da na san a mota ka haɗa su."

Ban ɗago kai ba. Ta ce in tashi in nuna mata inda kan matar nan mai shuɗiyar ƙofa yake kai mini. Na nuna ƙirjina. Ta tambayi wuyanta, na ce kusan babu. Ta tambayi nisan famfo, na ce taku ashirin. Ta jawo yumɓu ta fara kwaɓawa. Bayan kasuwa biyu tulu ya fito daga wuta, gajere mai faɗin gindi, ta kira Saratu ta miƙa mata.

"A cinya za ki riƙe shi. Kada ki bari su ɗaure shi a bayan mota."

Da haka ta sallame ta. Iyaka huɗu tulun nan ya ƙetare a cinyar mahaifiyarku, a kowace iyaka sai jami'i ya leƙa cikinsa. A shekararmu ta biyu a can, ina daji a arewacin ƙasar, zazzaɓi ya sa Yohanna sanƙarewa da tsakar rana. Shuɗiyar ƙofar Saratu ta buga, kuma a bayan Madam Akisi ya isa asibiti. Sai bayan kwana tara na ji.

Shekara huɗu muka yi kafin mu iya zuwa gida gaba ɗaya, kuma shi ne zuwa na ƙarshe da kuka same ta da rai. Ke Rifkatu ba za ki tuna ba, amma kafin mu tafi ke ce jelarta, tun safe kina gefenta kina murza yumɓu, kuna hira da C'lela kamar tsofaffi biyu. Ranar da muka iso kika durƙusa da kyau, yadda uwarki ta koya miki, kika buɗe baki gaisuwar ta fito da Faransanci. Inna ta yi miki magana, kika juyo kina dubana in fassara. Ta yi murmushi, ta shafa kanki, ta latsa damatsan Ɗanladi da na Yohanna ta ce an ciyar da su, ta karɓi auta da ba ta taɓa gani ba ta yi mata rawa. Da aka sauke tuwo aka neme ta aka rasa.

Na same ta a ramin da take haƙar yumɓu a bayan dutse, ba ta zo da fartanya ba, ba ta zo da kwando ba. Na zauna kusa da ita. Na ce zan bar mata Rifkatu, ko in nemi aiki a Sakkwato mu dawo kusa, harshen zai dawo musu, yara ne. Ta girgiza kai.

"Na san da wannan tun ranar da ka jera takardunka a tabarma," in ji ta. "Ƙofa na tambaye ka. Ban tambaye ka da wane baki za su dawo mini ba, don na san in na tambaya babu mai tafiya."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta.

"Tashi mu je. Ka zauna kusa da ni, ka riƙa gaya mini abin da suke cewa."